Kwamfutar Ɗakin Misbahu

Kano, 4 ga Maris

Zuwa ga Yaya Baƙo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina tambayar lafiyar Inna, da jikin Yaya Misbahu, da matarka Binta da yara. Allah ya sa aikin rani yana tafiya daidai.

Tunda ka toshe lambata, ka kuma hana Binta miƙa maka wayarta in na kira, na koma takarda da biro. Mukhtar direba zai kawo maka wannan wasiƙa tare da kwalaye uku. Na manna ta a saman na farko don na san halinka, wuƙa kake fara sawa kafin ka karanta.

Bari in maimaita abin da aka yi a gaban Inna da na zo a watan Janairu, kada gobe ka ce ba haka aka yi ba. Wata takwas ke nan da babbar motar Yaya Misbahu ta kife, ƙafafunsa suka daina motsi, shi kuma ya daina magana sai "i" da "a'a". Abu ɗaya na ga ya ɗago kai dominsa, wato wasan nan na tuƙin babbar mota da na nuna masa a wayata, inda mutum ke ɗaukar kaya daga gari zuwa gari kamar gaske. Ya riƙe wayar har caji ya ƙare. Ni na ce a dawo da shi wurina, ina da ɗaki a ƙasa mai na'urar sanyi, ga asibitin gashin ƙashi kusa. Kai ka ce sai bayan ranka. Inna ta raba gardamar: a haɗa masa kwamfutar wasan a ɗakinsa. In ta jure zafin Haɗejiya har ruwan farko ya sauka, ya zauna gida. In ta kasa, in aiko mota.

Da ni zan zo in haɗa ta, don sana'ata ce, amma cikina ya shiga wata shida, likita ta hana ni hawa hanya. Dole na bar maka.

Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na zaɓi matsakaiciya da gangan, don manya wuta suke sha kuma zafi suke fitarwa, solar gidan ba za ta ɗauka ba. Katin hoto, wanda shi ke zana duk abin da za a gani a allo, yana cikin jaka mai sheƙi. Ka riƙe shi ta gefe, ba da hannun baƙin mai ba. Abin sanyaya firosesa shi ne doguwar hasumiyar ƙarfen nan mai fanka biyu. Akwai masu aiki da ruwa, ban saya ba, domin ban yarda da kai kusa da ruwa ba. Za ka ɗiga man da ke cikin sirinji a kan firosesa, kamar ƙwayar wake ɗaya, sannan ka ɗora hasumiyar ka ɗaure notuna huɗu a hankali. Akwatin mai gilashi ne da fitilu masu launi, don Yaya Misbahu ya ji daɗin kallo. Na zana maka hoton komai a bayan takardar.

Ka gaishe min da Inna da kyau.

Ƙanwarka,
Umaima.

*

Haɗejiya, 13 ga Maris

Umaima,

Wa alaikumus salam. Inna na amsawa, Binta na amsawa. Ni ma lafiyata lau, ko da yake na duba takardarki sau biyu ban ga inda kika tambaya ba.

Shekara ashirin da biyu ina kwance injin ban ruwa ina mayarwa. Daga nan har Kirikasamma babu fadamar da ba a san hannuna ba. Amma sai da kika zana min hoton ramin da noti ke shiga, har da kibiya. Na gode da wulaƙanci. A yini ɗaya na haɗa ta, a kan tabarma gaban gadon Misbahu.

Yana kwance yana kallona, har wani ɗan mitsitsin noti ya suɓuce min. Ina ta lalube sai na ji murya a bayana, "Yana gindin ƙafar gado, ta hagunka." Cikakkiyar magana, Umaima, ta farko tun daminar bara. Inna ta fita tsakar gida tana share hawaye. Na faɗa miki ne don ki san a gida ya yi maganar, ba a ɗakin sanyin Kano ba.

To yanzu ga labarin kayanki. Ta tashi, fitilu sun kama, ja da kore kamar gidan biki. Na buɗe abin gwajin da kika rubuta a bayan takardar, mai nuna zafi. Kafin in gama shan ruwa kofi ɗaya lambar ta kai digiri ɗari, kwamfuta ta ɗauke ɗif. Na bari ta huce na sake kunnawa, haka. Sau bakwai na gwada. Misbahu ya ja zane ya rufe fuska.

Wannan akwati naki kabad ɗin amarya ne. Gilashi gaba, gilashi gefe, iska ta ina za ta shiga? Ɗan ramin da aka bari a ƙasa kuwa, furen ciyawar kacalla da iska ke kwasowa daga bakin kogi ya toshe shi cikin kwana uku. Kin manta garin da aka haife ki, kin saya mana kayan ofis.

Kuma bari in faɗa miki abin da ke raina. In kwamfutar nan ta mutu, wa ya ci riba? Ke. Ke kika zaɓi abin sanyayar, ke kika ce a guji mai ruwa, ke ce kuma mai ɗaki a shirye. Ni ba yaro ba ne.

Duk injin da na sani a duniya, in ya yi zafi ruwa ake ba shi. Zan yi irin tawa.

Allah ya sauke ki lafiya. Wannan kam har zuciya.

Baƙo.

*

Kano, 19 ga Maris

Yaya Baƙo,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna, ya jikin Yaya Misbahu? Kai ma ya lafiyarka, tunda sai an rubuta kake yarda an damu.

Na karanta inda Yaya Misbahu ya yi magana, na ajiye takardar na yi kuka. Da na ɗauka na ci gaba, sai na tarar ka ce na shirya wa ɗan'uwana tarko. Ni, da na yi sati uku ina yawo shago-shago da kumburarriyar ƙafa ina duba kowane kaya da idona? Allah ya isa ba zan ce ba, don kai yayana ne, amma ta zo min har baki.

Hasumiyar nan na ɗora irinta a kwamfutoci sun fi arba'in, babu wadda ta kai digiri ɗari ko a shagon da ba fanka. Kuskuren a hannunka yake. Ka ɗiga man? Ka ɗaure notunan duka huɗu, ko ka bar ɗaya sako-sako? Fankokin suna hura iska baya, ko ka juya su suna faɗa da juna? Ka duba ka rubuto min, ko ka buɗe wayarka ka nuna min da idona, minti biyar ya isa.

Kada ka kai ruwa kusa da ita. Kwamfuta ba injin fadama ba ce da za ka sa mata tiyo ka tafi sallah. Ɗigo ɗaya ya isa ya kashe ta.

Sitiyarin wasan ya iso jiya, irin na babbar mota, yana ɗakina cikin kwalinsa ko buɗewa ban yi ba. Ba zai hau motar Mukhtar ba sai ka rubuto min cewa babu ruwa a jikin kwamfutar nan. Ba zan aika kayan lantarki cikin kududdufi ba.

Tunda kai ka fara maganar riba, bari ni ma in tambaya. Wa ya matsa wa Yaya Misbahu ya ɗauki shinkafa a ranar da duk garin ya san ambaliya ta cinye gefen hanya? Shinkafar wa ce a motar? Ka san ruwa fiye da kowa, in ji ka. Ranar ma haka ka ce.

Ka gaishe da mutanen gida.

Umaima.

*

Haɗejiya, 10 ga Afrilu

Umaima,

Salamu alaikum. Gida lafiya. Na yi jinkirin amsa ne don ina aiki, ba kamar masu zama a sanyi suna tambaya ba.

Ga amsar tambayoyinki: man na ɗiga, notuna na ɗaure, fankoki daidai suke. Hasumiyarki ce ba ta da amfani. Na cire ta, ga ta nan cikin kwali na mayar miki, ki ɗora wa mutum na arba'in da ɗaya.

Ga abin da na yi, ki karanta ki ƙaru. Na samu faifan jan ƙarfe na goge shi har yana ɗaukar ido, na lanƙwasa bututun tsohon firji na liƙa a bayansa da dalma. Shi na ɗaure a kan firosesa. Na ciro ɗan famfon injin feshi mai batir, shi ke tura ruwa. Tiyo ya fita ta bayan akwati ya shiga ƙaramin lagireton mota, lagireton kuwa na nutsa shi cikin randar Inna, tsohuwar nan ta gindin taga. Gilashin gefe na cire na jingine. Yau kwana tara, rana tsaka, zafin da ko akuya ba ta fita, lambar ba ta wuce hamsin da biyu ba. Ki nuna min hasumiyar da ta taɓa yin haka.

Misbahu ne ya riƙe min tiyo ina ɗaurewa. Shi ya ce in sa zoben ƙarfe biyu a kowane baki, kamar yadda suke yi wa lagireton babbar mota. Ya ci tuwo malmala biyu ran nan. Mun buɗe wasan, ya ga hanya da motoci, ya gyara zama. Na tura masa abin dannawa, ya kalle shi ya ture. Ya ce shi direba ne, ba akawu ba, ba ya tuƙi da yatsa. Sitiyari yake jira. Kullum Mukhtar ya shigo gari sai ya tambayi Binta ko akwai kwali.

Ke kuma kin zauna a kansa kamar kaza a kan ƙwai, don ki nuna min iko. Ki ci gaba. Zan gaya masa wa ya riƙe.

Maganar shinkafa ba zan amsa miki ba. Wanda zai tambaye ni ranar nan sai wanda ya shiga ruwa har wuya ya ciro shi daga cikin mota. Sati uku muka yi a asibiti, ni ke juya shi, ni ke wanke shi. Ke ko inuwarki ba mu gani ba, sai saƙon waya mai hoton fure. Yanzu kin zo da ɗaki mai sanyi kina neman lada.

Sai wani jiƙon.

Baƙo.

*

Kano, 16 ga Afrilu

Yaya Baƙo, babban makanike,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Inna, ina gaida Yaya Misbahu. Kai kuma ka zauna kafin ka ci gaba da karatu.

Ka duba saman takardar nan, za ka ga wata 'yar leda mai faɗin akwatin ashana na manna da allura. Ka gane ta? Daga gindin hasumiyar da ka dawo min na ɓare ta, daidai wurin da ƙarfe ya kamata ya taɓa firosesa. Man da ka ɗiga yana nan a jikinta. Ka ɗora abin sanyaya da ledarsa, Yaya! Zafi ta ina zai bi ya fita? Ko rubutun ja da ke jiki, mai cewa a cire kafin a yi amfani, bai sa ka tsaya ba.

Na yi dariya har mijina ya leƙo, daga baya kuma abin ya ba ni haushi, don na san ba mantuwa ka yi ba. Ganinta ka yi ka bar ta. Halin gidanmu ne. Kujerun ɗakin Binta shekara shida suna cikin leda. Rimot ɗinka a leda, sirdin babur ɗinka a leda har rana ta narkar da ita. Sabon abu ba a ɓare shi, kada ya tsufa. To ga shi ka ɓata wata guda, ka zage ni, ka ce na shirya tarko, duk a kan ledar da ka ji tausayinta.

Ga hasumiyar na sake aikowa, na wanke ta, ga sabon mai. Ka kwance wannan shirgi naka ka mayar da ita.

Kuma Binta ta gaya min ruwan randar ya fara ɗumi da la'asar, har ka soma sayen ƙanƙara kana jefawa. Ka daina yau. Ka taɓa ganin gorar ruwan sanyi tana gumi? Haka bututunka zai yi da zarar iska ta fara nauyi gab da damina, kuma katin hoto yana ƙasansa daidai. Sitiyari yana nan har sai na ji an cire.

Sati ukun da kake gori da su, ni ma a gadon asibiti na yi su. Ciki na uku ke nan da ya zube min, kwana biyu bayan hatsarin. Inna ta sani, ita ta ce kada a ƙara muku damuwa. Hoton furen daga kan gadon na turo shi, da ƙarin ruwa a hannuna. Ban so in faɗa ba, kai ka tono.

Wassalam.

Umaima.

*

Haɗejiya, 11 ga Mayu

Umaima,

Salamu alaikum. Inna lafiya. Misbahu ba lafiya ba.

Katin hoto ya mutu shekaranjiya.

Ban mayar da hasumiyarki ba. Na ga ledar, na gane ta, na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, sai kunyar ta koma min taurin kai. Na ce in na cire aikina yanzu, na yarda ke nan har abada. Na ci gaba da ƙanƙara. Ranar Juma'a hadari ya haɗu ta gabas bai zubar ba, gari ya yi nauyi, riga na manne wa mutum. Na jefa manyan ƙanƙara biyu na tafi masallaci. Da na dawo allo ya yi baƙi, ɗakin na warin ƙonannen roba. Bututun ya yi gumi kamar yadda kika ce, ya ɗiga a kan katin. Misbahu yana kallon ruwan yana ɗiga. Ya kira Binta, tana bayan gida ba ta ji ba, shi kuma hannunsa bai kai soket ba.

Tun ranar ya juya fuska bango. Ko kunu ya ƙi. Inna ta zauna a ƙofar ɗakin, ita ma ta ƙi abinci.

Kin ji daɗi? Kin faɗa, ya faru. Amma ke ma ki ɗauki naki. Kin zana min noti, kin zana min kibiya, kin cika bayan takarda, layi ɗaya na cewa a ɓare leda ya gagare ki. Rubutun jan kuwa da Turanci ne, ƙanana kamar ƙwan kifi. Kuma da kin aiko sitiyarin nan, da ya yi wata guda yana tuƙi kafin ta mutu. Yanzu ko sau ɗaya bai taɓa ba.

Shinkafar tawa ce. Ni na ce ya tafi. Ya ce a jira kwana biyu ruwa ya ja, na ce na bi hanyar da babur da safe, lafiya lau take. Abin da kike son ji ke nan tun bara, ga shi a rubuce, ki ajiye.

Maganar asibitinki ban sani ba. Allah ya ba ki lada, ya raya wannan.

Ruwan farko bai sauka ba, kwamfuta ta kasa. Sharaɗin Inna ya cika. Ki aiko motarki ki ɗauke shi.

Baƙo.

*

Kano, 15 ga Mayu

Yaya Baƙo,

Wa alaikumus salam. Ka ce wa Inna ina gaishe ta, ta yi haƙuri ta ci abinci. Ka ce wa Yaya Misbahu ƙanwarsa na gaishe shi, ko bai amsa ba.

Ka lalata abu da hannunka, sannan ka ce in zo in kwashe. Haka kake tun muna yara. Mutumin da ya fara cin malmala biyu ka mayar da shi bango, yanzu kana so a naɗo min shi a bayan mota kamar buhu, kai ka huta da ganinsa. Ba zan aiko mota a haka ba.

A kwali na farko akwai katin hoto. Daga kwamfutar da nake aiki da ita na ciro shi, ba ni da wani, aikina ya tsaya har sai abin da hali ya yi. In ka kashe wannan, kada ka sake rubuto min.

Ka kwance randa da tiyo da famfo, duka. Ka bar bod ɗin, wato babban faifan da komai ke haɗe a kansa, a inuwa mai iska kwana biyu ya bushe. Hasumiyar na riga na ɓare mata leda, amma fankar katin na rufe ta da leda saboda ƙurar hanya, ita ma KA CIRE. Na rubuta da manyan baƙaƙe, da Hausa.

Maganar akwati kuwa, ka fi ni gaskiya, kuma ba zan maimaita ba. Na saye shi don kyau, na manta da kacalla. Ka cire gilashin gaba, na gefe ma kada ka mayar. Binta ta yanko tsohon gidan sauro ta ɗinka a wurin, yadda za a riƙa cirewa ana kaɗewa kullum. Ka ɗora akwatin a kan benci, kada ya zauna a ƙasa. Fitilun ma ka zare wayarsu, in damina ta zo duk ƙwarin fadama ciki za su tare.

Babban kwalin sitiyari ne. Riƙe shi da na yi kuskure ne, kuma shi zan ba haƙuri, ba kai ba. Kada ka buɗe sai kwamfutar ta yi awa huɗu da rana tsaka ba ta ɗauke ba. Ba na so ya sake ɗora rai a kan abin da zai mutu a gabansa.

Sharaɗi yana nan. In ta wuce digiri tamanin da biyar, mota za ta zo, kuma wannan karon ba zan saurari kowa ba.

Ƙanwarka duk da haka,
Umaima.

*

Haɗejiya, 24 ga Mayu

Umaima,

Salamu alaikum. Kowa lafiya. Misbahu ya sha kunu jiya, rabin kofi.

Bod bai mutu ba. Na yi yadda kika ce. Daga ƙarfe goma sha biyu zuwa la'asar tana aiki, kwana uku a jere, lambar ba ta wuce saba'in da huɗu ba. Randata hamsin da biyu take bayarwa, ki riƙa tunawa. Kuma ba don ragar gidan sauro ba, da hasumiyarki ta shaƙe tun ranar farko, yau ma sai da Binta ta kaɗe furen kacalla cikin tafin hannu.

Saboda haka ɗakinki mai sanyi ki zuba buhunan albasa a ciki. Misbahu yana gida.

Gobe da safe zan buɗe babban kwalin a gabansa. Inna ta ce a jira ta idar da walaha, tana so ta gani.

Na buɗe lambarki. Ba don ki kira ba.

Baƙo.

*

Haɗejiya, 26 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Baƙo da Umaima,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina gode muku da wahalar da kuka sha. Na sa Binta ta kwafi takardar nan biyu, kowa ya samu tasa.

Duk wasiƙunku na ji su. Yaya a gindin tagata yake karanta wa Binta, da ƙarfi, har da nasa kafin ya liƙe. Kunnena lafiyarsa lau.

Kwamfuta tana aiki, ba ta zafi. Sitiyarin ma yana da kyau, ya cika hannu. Da Yaya ya ɗaure shi a teburi, sai ya sake zura hannu cikin kwalin ya ciro wani faranti mai abin takawa uku: totur, birki da kuloci. Ya durƙusa ya jera su a ƙasa gaban keken guragun da nake zaune, ya gyara musu zama, ya ɗago yana murmushi. Sai ya kalli ƙafafuna. Inna ta tashi ta fita.

Wata uku kuna faɗa a kan iskar da za ta shiga akwati. Kun san digirin kowace rana. Babu wanda ya tuna da me ake taka totur, kuma babu wanda ya leƙo ya tambaye ni ko Kano nake so ko Haɗejiya.

Na san Umaima za ta ce akwai dabarar mayar da su hannu. Na san Yaya ya riga ya fara auna ƙarfe a ransa. Ku dakata tukuna.

Yaya ya so ya mayar da su kwali, na hana. Suna nan inda ya jera su, tsakanina da ƙofa. Duk wanda zai shigo ya gaya min inda zan zauna, sai ya tsallake su.

Allah ya bar zumunci.

Ɗan'uwanku,
Misbahu direba.